Bakwai Bisa Ashirin

Yagwa, 6 ga Satumba, 1998

Zuwa ga Yawuba ɗan kawuna, malami sarkin alli,

Gaisuwa mai yawa gare ka da matarka Ummul. Ina fata haƙorin nan da ya sa ka yi wa mutane ihu a bikin Garwa ya bar ka ka huta. Mu nan lafiya lau, sai dai kogi ya cika, sauro kuma ya ƙoshi da mu.

Direba Sali ya ce ya sauke 'yata Astajam a ƙofar gidanka, har ka ba shi shayi marar sukari. Rowarka tana nan yadda na san ta. Duk da haka na gode, Allah ya bar zumunci. Ka san ba a son raina na rabu da ita ba. Ni kaɗai ce ungozoma a asibitin nan, wata rana ba na ganin gida sam, kolejinmu kuma shekara biyu ke nan ba shi da tsayayyen malamin lissafi.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Bara da mahaifinta ya rasu ta faɗi aji na uku, wannan ce maimaitawarta. Ka fi ni sanin doka: wanda ya faɗi aji guda har sau biyu, kora ce. Tun da Allah ya sa ajinka ta faɗo, ina roƙonka kada ka raga mata. Kada ka dubi maraicinta, kada ka dubi fuskata. Abin da ka nema wajen 'ya'yan mutane, ita ka nemi ninkinsa. Likita nake so ta zama, ba ungozoma mai kumburin ƙafa irina ba.

Ba ta cin kuɓewa, ka gaya wa Ummul kada ta ɗauka raini ne.

Addarka da ta goya ka, ka jiƙa mata zane,
Patu

Ngaundare, 27 ga Satumba, 1998

Zuwa ga baiwata Patu, wadda tsufa kawai ya sa ake ce mata Adda,

Na amsa gaisuwa. Haƙori an cire shi, yanzu ihun sai a aji. Ummul tana gaishe ki, ta ce kifin da kika aiko ya iso amma kin yi wayo, kawunan kifin sun fi yawa.

'Yarki lafiyarta ƙalau. Sanyin garin ne ya ɗan kama ta da mura, ta warke. A gida Kawu take ce min, a makaranta Malam, ba ta taɓa haɗa su ba.

Tun da kin ce in matsa, bari ki ji yadda ajina yake. Yara tamanin da bakwai ne. Ranar farko nakan rubuta ƙa'idojina a allo, kowa ya kwafa a shafin farko na littafinsa, iyaye su sa hannu. Na Astajam Ummul ce ta sa. Kowane zango gwaji uku ne, kowanne bisa maki ashirin. Aikin gida ranar Litinin ake kawo shi, wanda ya kawo Talata rabin maki zai samu. Duk takardar da na duba na mayar, sai an liƙa ta a bayan littafi har ƙarshen shekara. Babbar ƙa'idar kuma ita ce: a nuna hanya. Amsa tsirara ba ta da maki. Wani ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, idan amsar daidai ce fa?” Na ce masa, “Ko daga sama ta faɗo maka, sai ka nuna min tsanin.”

Ki tuna makin lissafi sau huɗu ake ninka shi wajen haɗa sakamako. Wanda ya zame a nan, da wuya sauran darussa su ɗaga shi zuwa goma.

Abu ɗaya ya ɓata min rai. A ɗakin malamai wani abokin aikina ya ce da ni a gaban kowa, “Mun ji 'yar gida tana ajinka, ta haye ke nan.” Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma shekara goma sha ɗaya ina koyarwa ba a taɓa cewa na ƙara wa wani ko rabin maki ba, kuma ba a kanta za a fara ba. Saboda haka ki kwantar da hankalinki, abin da kika nema za ki samu.

Ubangidanki,
Yawuba

Ngaundare, 20 ga Disamba, 1998

Adda Patu,

Ina gaisuwa, ina fata aiki da sauƙi. Mu duka lafiya. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, duban takardu ne ya binne ni.

An ba da hutu jiya. Zan gaya miki kai tsaye, tun da ke ba mai son kwana-kwana ba ce. A Faransanci da tarihi da kimiyya tana tsaka-tsaki. A lissafi bakwai ta samu bisa ashirin. Da aka haɗa duka, ba ta kai goma ba.

Ba raguwa ba ce. Aikin gida ba ta taɓa makara da shi ba, littafinta tsaf. Tun farkon shekara na zaunar da ita kusa da Solanj, yarinyar da ta fi kowa a ajin, ko za ta ɗauki wani abu. Abin da ya fi damuna shi ne amsoshinta kusan duk daidai suke, amma ba ta nuna daga inda ta samo su. Na yi mata magana sau biyu, sai ta sunkuyar da kai. Ƙa'ida kuwa ƙa'ida ce, ba yadda zan yi.

Hutun gajere ne, hanya kuma da nisa, don haka na ga gara ta zauna nan mu ɗan yi bita. Akwai sauran zango biyu, ba a makara ba.

Ummul ta aiko miki da zuma. Kwalbar manja ce amma an wanke.

Naki,
Yawuba

Yagwa, 3 ga Janairu, 1999

Yawuba,

Na gaishe ku. Zuma ta iso, a yi wa Ummul godiya. Lafiyata ƙalau, ban da zuciya.

Na karanta takardarka a tsaye a bakin ɗakin haihuwa, sai da na nemi benci. Na gane abin da kunya ta hana ka faɗa min ƙarara. Ka kyauta da ka rufa min asiri, ka sa shi cikin ladabi. Ban taɓa zaton zan ji irin wannan a kan 'yar marigayi Hamagabdo ba. Faɗuwa zan iya ɗauka, wannan kuwa a'a.

Ga wata takarda nan a manne, tata ce. Ka ba ta hannu da hannu, kada ka buɗe, kada kuma ka lallashe ta bayan ta karanta. Tsakanina da ita ne.

Ka raba ta da bencin nan.

Patu

Ngaundare, 7 ga Fabrairu, 1999

Adda,

Gaisuwa a gurguje, lafiyar jiki muna da ita. Don Allah ki karanta wannan a zaune.

Na ba ta takardarki kamar yadda kika ce. Na ɗauka faɗa ne a kan bakwai ɗin, irin na uwa da 'ya. Maganar benci ma ban gane ta ba, na ce ko kina ganin surutu suke yi. Kafin in ce komai ita da kanta ta tashi ta koma can ƙarshen aji, gefen taga mai fasasshen gilashi.

Gwajin farko na wannan zango, sunanta kawai ta rubuta ta miƙo. Na biyu ma haka. A gida ta daina cin abincin kirki. Shekaranjiya Ummul za ta wanke mata kayan makaranta, ta tsinci takardarki a aljihu, an ninke ta an sake ninkewa har ta fara yagewa. Ummul ta karanta, ta zo ta ajiye min a kan cinya. Ki gafarce mu, na karanta. “Ubanki bai taɓa ɗaukar ko tsinken wani ba. Idan satar amsa kika je koyo Ngaundare, kada ki ƙara kirana uwa sai kin daina.”

Adda, wa ya ce miki sata? Ni ban ce ba, wallahi ban nufa ba. Da na ce ba ta nuna daga inda ta samo amsa, nufina ba ta rubuta matakan aikin, wato hanyar da ta bi. Maganar malamai ce, na manta ba kowa ne yake kwana da ita ba. Solanj ma sau biyu tana kuskure a tambayar da Astajam ta ci.

Na kira ta tsakar gida na ce, “Me ya sa kike miƙo min farar takarda?”

Ta ce, “Kawu, in na rubuta daidai za a ce na sata. In ban rubuta ba, ba mai cewa komai.”

Na ce mata kuskuren fahimta ne, laifin alƙalamina ne. Ta ce to. Amma ba daga bakina take son ji ba. Ki rubuto mata, ko layi biyu ne, ki ba motar farko.

Yawuba

Yagwa, 21 ga Maris, 1999

Ɗan'uwana Yawuba,

Ina gaishe ku, ina kuma neman afuwa. Ba share ka na yi ba. Sanƙarau ya ɓarke a ƙauyukan bakin kogi, aka kwashe mu allurar rigakafi, mako shida ban taka gida ba. Jiya na dawo na tarar da takardarka a ƙarƙashin ƙofa, ƙura ta rufe ta. Mako shida tana kwance a nan, yarinyata kuma tana can tana jiran motar farko.

Na ɗauko takardarka ta Disamba na sake karantawa, sau uku. Babu kalmar sata a ciki. Ni na sa ta da idona. Na ga sunan Solanj, na ga “daga inda ta samo su”, na haɗa. Ranar na karɓi haihuwa huɗu, ɗaya bai zo da rai ba, amma wannan ba hujja ba ce. Gaskiyar ita ce tun da ta faɗi bara nake jiran in ji wani mugun abu, da ya zo kuma ban tsaya tambaya ba. Har da sunan ubanta na dake ta.

Tun jiya na fara rubuta mata sau huɗu ina yagawa. Duk abin da na sa sai in ga ya yi ƙaranci. Ka ba ni kwana biyu. Kafin nan ga shinkafa da atamfa turmi ɗaya, shuɗiya, kalar da take so. Ka ce daga ni.

Amma akwai abin da ya tsaya min. Ka ce ba ta nuna hanya. Yawuba, yarinyar nan ba ta iya yin lissafi da baki rufe ba. Lokacin da marigayi yake yawon yi wa shanu allura, a bayan babur yake ɗaukarta ranar da ba makaranta, yana jefa mata tambaya: garke kaza, kowace saniya awo kaza, kwalba nawa za a buɗe? Ita kuma sai ta zayyano masa duk inda ta bi, har sai ya ce, “Ya isa, aku, amsar kawai nake so.” Mu da muke roƙonta ta yi shiru. To yaushe ta koyi ɓoye hanya? Ko akwai abin da ya faru da ban sani ba?

Addarka,
Patu

Ngaundare, 11 ga Afrilu, 1999

Adda Patu,

Muna lafiya, Allah ya saka miki da wahalar da kika sha a ƙauyuka. Kaya sun iso. Ta karɓi atamfar da hannu biyu, ta juya ƙullin ta duba ciki da waje. Na san abin da take nema. Babu.

Tambayarki ta hana ni sakat mako biyu. Akwai abin da ya faru, kuma ni na yi shi.

Gwajin farko na shekara, cikin Oktoba, na ba su tambaya: tanki yana da lita ɗari biyu da arba'in, an ɗebi kashi talatin da biyar cikin ɗari, lita nawa aka ɗeba? Yadda na koya musu shi ne a ninka, sannan a raba da ɗari. Astajam ba ta yi haka ba. Ta rubuta cewa kashi goma shi ne ashirin da huɗu. Uku irinsa, saba'in da biyu. Rabin ɗaya, goma sha biyu. Duka tamanin da huɗu. Daidai ne. Ta cika shafi da irin wannan, kowace tambaya da bayaninta, har da 'yan kalmomin Fulatanci inda Faransanci ya ƙare mata.

Da ta wani ce, da na rubuta “da kyau, amma ki koyi hanyar littafi”, in ba da makin. Amma tata ce, maganar ɗakin malamai kuma tana kunnena. Na ja jan biro daga sama har ƙasa. Bai ishe ni ba. Ranar mayar da takardu na ɗaga tata sama na karanta wa aji da irin muryar dillalai, na ce, “Wannan lissafin kasuwar shanu ne, nan kuwa makaranta ce.” Aji ya fashe da dariya. Wani daga baya ya yi kukan saniya. Ban hana shi ba, Adda. Daɗi ma na ji, don na san labarin zai kai ɗakin malamai kafin azahar.

Daga ranar duk lokacin da ta tashi zuwa allo sai an yi mata kukan nan ƙasa-ƙasa. Daga ranar kuma ta daina rubuta hanya. Tawa ba ta zauna mata ba tukuna, tata kuma na hana. Sai ta riƙa yi a ka tana ajiye amsa. Ni kuma na zauna na rubuto miki cewa abin yana damuna, kamar ban san mafarinsa ba. Ban san hanyar mahaifinta ce ba sai da na karanta takardarki, amma ko ta wa ce, bai kamata ba.

Ranar Asabar na same ta tana tsince shinkafa a gindin bishiyar fiya. Na zauna a kan turmi na ce ta nuna min yadda babanta yake yi.

Ta ce, “Ai ka ce na shanu ne.”

Na ce, “Na faɗa, kuma ban kyauta ba. Ki yafe min.”

Ta daɗe tana tsintar shinkafar. Can ta ce, “Ba kyau babba ya ce haka.” Amma ta karɓi biron.

Ranar Litinin na rubuta tambayar tankin a allo, na warware ta da hanyarta. Aka fara kukan saniya. Na juyo na ce, “Ni na fara wannan kukan, kuma ni ne na yi kuskure. Hanyar nan daidai ce. Wanda ya ƙara, shi da ni.” Ba wanda ya ƙara.

Sai dai zango na biyu ya riga ya tafi. Da fararen takardun nan biyu, shida ta samu, shi ma aikin gida ne da gwajin ƙarshe suka ɗaga ta. Yanzu kullum bayan la'asar muna zama, ta yi da hanyarta, sannan ta yi da ta littafi a gefe. Kanta yana ja ƙwarai.

Kin ce kwana biyu. Yau kwana ashirin da ɗaya.

Yawuba

Ngaundare, 20 ga Yuni, 1999

Adda,

Gaisuwa da fatan alheri. Ummul tana fama da laulayi, in Allah ya yarda za ki zo ki yi mana aikinki kyauta. Kifin Mayu ya iso, da takalman. Takarda ce dai ba mu gani ba.

An gama shekara, ga yadda ta kaya.

Gwajin ƙarshe ban yarda da hannuna ba. Na rufe sunanta na kai wa Madam Ngono, wadda take koyar da ɗaya ajin, na ce ta duba. Da aka haɗa na zangon, goma sha huɗu ta samu. Na yi murna har na je na haɗa sakamakon shekara na duk darussa. Tara da ɗigo takwas. Goma ake nema.

Na zauna a ɗakin malamai da takardar a gabana. Madam Ngono ta ce, “Yawuba, wa ya mutu?” Na gaya mata komai, har da tankin. Ta ce in kawo littafin yarinyar. Ta buɗe shafin farko ta karanta ƙa'idojina da ƙarfi, ta buɗe baya ta ga jan layin. Ta ce, “Ka rubuta a nuna hanya. Ban ga inda ka rubuta a nuna hanyarka ba. Kai ka karya dokarka, ba ita ba.”

Na ce, “In na gyara nata, za a ce son kai ne.”

Ta ce, “To gyara na kowa mana. Ko hannunka ciwo yake?”

Na je wajen shugaban makaranta na faɗa masa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce sakamakon zangon farko ya riga ya shiga babban littafi, iyaye sun sa hannu. Daga ƙarshe ya yarda, bisa sharaɗin Madam Ngono ta zauna tare da ni, kuma za a sa min takardar gargaɗi a fayil. Na tattara littattafan aji duka. Kwana biyar muna bin takardun zangon farko ɗaya bayan ɗaya, duk inda yaro ya nuna hanya sahihiya na soke don ba tawa ba ce, muka mayar masa da makinsa. Amsa tsirara ba mu taɓa ta ba, ko tata.

Yara tara ne na zalunta, Adda, ba ita kaɗai ba. Bakwai ɗinta ya koma goma sha ɗaya, don gwajin Oktoba kusan duka ta ci. Sakamakon shekara ya tsallake goma da ƙyar. Ta wuce zuwa aji na huɗu. Wasu biyu ma da za su maimaita sun wuce.

Amma littattafai tamanin da uku na tattara. Huɗu sun bar makaranta tun Janairu, bayan sakamakon farko. Ɗaya na san mahaifinta ya zo ya ce ba zai ci gaba da wahala a kan mai biyar bisa ashirin ba. Takardunsu ba sa hannuna. Ban san ko akwai jan layina a kansu ba, kuma ba ni da hanyar sani.

Da na gaya wa Astajam ta wuce, ba ta yi tsalle ba. Ta ce alhamdu lillahi. Sannan ta ce, “Kawu, da ba ni ce na faɗi ba, za ka sake duba na sauran?”

Na buɗe baki in ce eh, na kasa. Na ce mata ban sani ba.

Na yi nawa, a makare kuma rabi-rabi. Saura ke. Kada ki aiko Sali ya ɗauke ta. Ki zo da ƙafarki.

Ƙaninki,
Yawuba

Yagwa, 18 ga Yuli, 1999

Yawuba,

Mun iso lafiya, sai dai mun yi awa huɗu a bakin wata gada kafin ruwa ya janye. Ka gaishe da Ummul, ka ce ta rage gishiri, na ga ƙafarta. Na gode da karɓar da kuka yi min. Kwana biyun da na yi a gidanka ba mu samu zama ni da kai ba, kuma na lura da gangan ka riƙa ficewa don ka bar mu. Ba abin da ya faru a gidan. Ta gaishe ni a durƙushe, ta kawo min ruwa, ta wanke min kaya, ni kuma na yi ta zuba surutu a kan tsadar hanya. Kowa ya ɗauka mun shirya.

A bakin gadar ne. Fasinjoji suka sauka, muka zauna a kan wani dutse muna cin gyaɗa. Na ce a raina idan ban faɗa yanzu ba, ba zan taɓa faɗa ba. Ina cikin neman ta inda zan fara, sai ita ta riga ni. Ba ta dube ni ba, ruwan take kallo.

Ta ce, “Inna, ban yi sata ba.”

Na ce, “Na sani.”

Ta ce, “Tun yaushe?”

Na so in ce kwanan nan. Na ce, “Tun watan Maris.”

Na ga tana lissafawa, leɓenta yana motsi. Ta ce, “Wata huɗu.” Sannan ta ce, “Duk motar Yagwa da ta shigo ranar Asabar ina zuwa tasha.”

Yawuba, ban san wannan ba, na tabbata kai ma ba ka sani ba. Ta ce cewa take yi za ta gidan su Solanj bita.

Na ce mata kunya ce ta hana ni. Na ce na iya gaya wa mace ɗanta bai zo da rai ba, amma na kasa rubuta wa 'yata cewa na yi kuskure. Na ce ta yafe min abin da na rubuta, da wanda ban rubuta ba. Na yi kuka a gaban fasinjoji, wata tsohuwa har tana tambaya ko rasuwa aka yi mana. Ita ba ta yi ba. Ta ɓare gyaɗa ta zuba min a hannu ta ce, “Ki ci, Inna, ba ki karya ba.” Ban sani ba ko yafewar ke nan. Ban matsa ba.

Na tambaye ta inda take so ta yi aji na huɗu, na ce wannan karon ita za ta zaɓa. Ta ce za ta dawo Ngaundare, a gidanka za ta zauna, don Ummul za ta buƙaci hannu. Amma ta roƙi abu ɗaya, kuma ta ce ni in gaya maka don ita ba za ta iya ba: a sa ta ajin Madam Ngono.

Kada ka tambaye ta dalili idan ta zo. Ka je wajen shugaban tun kafin a raba azuzuwa, ka nema mata.

Addarka,
Patu